Yini guda a Alamain: motar ta ba mu haushi, jagoran ya fanshe kuɗinmu

Baffana ya zo Alkahira aikin gwiwa, ni kuma da nake karatu a nan aka ɗora mini jinyarsa. Da likita ya ce ya fara takawa, na ɗauka zai ce in kai shi ya ga dalar Fir'auna kamar kowane baƙo. Ya ce shi Alamain yake so, filin da Ingila ta gwabza da Jamus da Italiya a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsohon soja ne, da muƙamin samanja ya yi ritaya, mahaifinsa kuwa, wato kakana, yana cikin sojojin Najeriya da Turawa suka kwasa zuwa gabashin Afirka a yaƙin Hitila. Birged ɗinsu ce ta shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairun 1941, ta fafari sojojin Musolini, shugaban Italiya, sama da kilomita 1,000 har Harar ta ƙasar Habasha. Kaka bai taɓa taka Masar ba, amma Baffa ya ce ai abokin gaba ɗaya ne, yana so ya ga inda aka karya masa baya.

Wani kamfanin yawon buɗe ido muka samu ta zauren WhatsApp na ɗalibai. Ba zan kama sunansa ba, don irinsu sun yi yawa kuma duk kanwar ja ce. Alkawarinsu: mota mai sanyi, direba, jagora masanin tarihi, tikitin shiga, abincin rana, a ɗauke ku ƙarfe shida na safe a dawo da ku bayan magariba. Kuɗin mu biyu ya kai abin da nake kashewa a cefanen wata.

Ƙarfe shida ta zama bakwai da rabi. Mun idar da asuba muka sauko ƙofar gida, Baffa da sandarsa, muna ta kallon titi. Da motar ta iso sai ga wasu baƙi huɗu a ciki, alhali an ce mana tamu ce mu kaɗai. Na'urar sanyin ta yi aiki har muka fita daga Giza, daga nan sai hura iska mai ɗumi take yi. A kan hanyar hamada, wajen Wadin Natrun, direba ya karkata da mu wani shagon turare da babu shi a tsarin tafiya, muka ɓata minti arba'in ana shafa mana a bayan hannu. Kowa ya san lada yake karɓa a kan kowane kai da ya shigar. Baffa ko fitowa bai yi ba.

Duk wannan na yafe shi saboda mutum ɗaya. Jagoran namu dattijo ne, tsohon malamin tarihi a wata sakandare ta Iskandariyya, siriri, da wata jakar fata da ta ga duniya. A Alamain ya tare mu. Ustaz muke ce masa, shi kuma yana kiran Baffa "ya Hajji". Da Larabci yake magana, ina mayar wa Baffa da Hausa, in ya ga sauran baƙin sun yi zuru sai ya juya musu da Turanci.

Bai fara da gidan tarihin ba. Ya sa direba ya tsaya a gefen titin gaɓar teku, ya fito da taswira ya shimfiɗa a kan bonet, ya danne kusurwoyinta da duwatsu. Ya nuna arewa: ga Bahar Rum can tana ƙyalli. Ya nuna kudu: kimanin kilomita 60 daga nan akwai kwarin Ƙattara, gishiri da laka mai haɗiye mota, tanka ba ta ratsa shi. A duk faɗin hamadar, nan kaɗai ne ba a iya zagaye abokin gaba ta gefe, dole a yi gaba da gaba. Shi ya sa Ingila ta ja daga a nan cikin Yulin 1942. Iskandariyya na bayansu da 'yar tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, da tashar jiragen ruwa, da titin dogo, da ruwan Nilu. Romel kuwa, kwamandan Jamus a hamadar, kayansa daga Tarabulus ta Libiya suke tahowa, fiye da kilomita 2,000, a kan titi ƙwaya ɗaya. Motar da ta ɗauko fetur sai ta sha wani kaso mai tsoka nasa kafin ta kawo saura.

Baffa ya duƙa a kan taswirar ya daɗe, sannan ya ce da ni, "Tambaye shi, wane ne ya ce su zo har nan?"

Ustaz ya yi dariya ya ce tambayar da aka biya shi ya amsa ke nan, ya ce mu shiga ciki.

Gidan tarihin soja na Alamain ba babba ba ne. Akwai zauren Ingila, na Jamus, na Italiya da na Masar, da kakin soja, bindigogi, taswirori da mutum-mutumi. Wanda ya shiga shi kaɗai cikin rabin awa zai fito yana cewa ba komai. Abin kallon yana tsakar gida, inda aka jera tankoki da igogi a rana. Ustaz ya kai mu gaban wata tankar Italiya, ya ƙwanƙwasa jikinta da zobensa, ya nuna mana yadda aka haɗa farantan ƙarfenta da ƙusoshi, harsashi ya daka sai ƙusoshin su tarwatse a ciki su raunata matuƙanta. Ya ce akwai wata ƙarama da ta fi ta muni, wadda sojojin Italiya da kansu suka laƙaba wa gwangwanin kifi. Taku kaɗan daga nan ga tankar Shaman ta Amurka, wadda kusan 300 irinta suka iso Masar a Satumbar 1942. Ko makaho ya shafa su biyun ya san ba sa'o'in juna ba ne.

A nan ya ɗauko zancen Musolini. Mutumin nan tun 1933 ya riƙe ma'aikatar yaƙi, da ta sojan ruwa, da ta sojan sama, duka a hannunsa, ga shugabancin gwamnati. Babu wanda zai ce masa ba a shirya ba ya kwana a kujerarsa. Ranar 10 ga Yunin 1940, da ya ga Faransa na gab da faɗuwa, ya yi wuf ya shiga yaƙi don kada a raba ganima ba shi. Saboda gaggawa ko jiragen ruwan kasuwancinsa bai kira gida ba, kusan kashi ɗaya cikin uku yaƙin ya rutsa da su a wajen Bahar Rum, aka kame wasu, wasu suka maƙale a tashoshin ƙasashen waje. Waɗannan jiragen ne zai nema daga baya don kai wa sojojinsa abinci da mai a Libiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Baffa.

Musolini ya matsa wa Girazyani, kwamandansa a Libiya, lallai ya afka wa Masar, shi kuwa yana ta kukan babu motoci. Ranar 13 ga Satumba suka tsallako iyaka, akasarinsu a ƙafa, suka yi kimanin kilomita 95 zuwa Sidi Barrani suka tsaya, suka kafa sansanoni nesa da juna ta yadda in an taɓa ɗaya ɗayan ba zai iya kawo ɗauki ba. Maimakon ya aika musu da motocin da suke roƙo, sai Musolini ya buɗe wani sabon yaƙin da Girka ranar 28 ga Oktoba, a bakin damina da sanyin duwatsu, bayan ya sallami dubban ɗaruruwan sojoji su koma gida girbi. Taura biyu ba ta taunuwa. Girkawa suka kora shi cikin Albaniya. A hamada kuma, daga 9 ga Disamba zuwa farkon Fabrairun 1941, sojojin Ingila da Indiya da Ostireliya da ba su wuce 36,000 ba suka kama fursunoni kusan 130,000. Wannan abin kunya ne ya sa Hitila ya turo Romel Tarabulus a watan Fabrairun. Kuma bayan duk wannan, a 1942 Musolini ya tura sojoji sama da 200,000 Rasha don ya burge Hitila, tare da dubban motoci da igogin da hamada ke ƙishirwarsu.

Abin da ya fi ba Baffa dariya shi ne na doki. Da Tobruk, tashar jiragen ruwa a gabashin Libiya, ta faɗa hannun Romel ranar 21 ga Yunin 1942, Musolini ya hau jirgi ya zo Libiya a ƙarshen watan, har da tanadin farin dokin da zai hau ya shiga Alkahira. Ya zauna jira wajen mako uku, ya koma Rum shiru. A kan titin da muka biyo akwai wani dutse da sojojin Italiya suka kafa a iyakar inda suka kai, an rubuta kilomita 111 zuwa Iskandariyya, da wata jimla mai ma'anar sa'a ce ta ƙi, ba jarumta ba. Ustaz ya tsayar da mu a wajen na minti biyar. Baffa ya karanta lambar ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wurin da ya biya kuɗin tafiyar gaba ɗaya wani fili ne fetal a kudu da titi, babu alama, babu allo, sai tsakuwa da ƙananan ƙayoyi. Ustaz ya gargaɗe mu kada kowa ya sauka daga sawun mota. Romel ya binne nakiyoyi kusan rabin miliyan a gaban dagarsa, kuma har yau ragowar nakiyoyin yaƙin suna cire ƙafafun makiyayan yankin. Ya kafa wa Baffa wata kujerar naɗewa da ya fito da ita daga but, abin da kamfanin bai yi tunaninsa ba duk da na gaya musu tun a waya cewa da majinyaci nake tafe.

A nan ya ba mu labarin kwana goma sha biyun. Daren 23 ga Oktoba, ƙarfe tara da minti arba'in, igogin Montgomeri, kwamandan Ingila, kusan 900 suka buɗe wuta lokaci guda. Yana da mutum 195,000 da tankoki sama da 1,000, Jamus da Italiya a haɗe ba su wuce 116,000 ba, da tankoki 500 da 'yan kai. Romel ma ba ya nan, yana Turai yana jinya. Janar Situme da ya riƙe masa zuciyarsa ta buga ya mutu washegari a bakin daga. Romel ya dawo ranar 25 ya tarar da man da zai ishe shi 'yan kwanaki kawai. Washegarin dawowarsa jiragen Ingila suka nutsar da jirgin dakon mai Proserpina a bakin Tobruk, domin Ingila tana karanta saƙonnin sirrin Jamus da Italiya, ta san ranar tashin jirgi da hanyarsa. Zuwa daren 2 ga Nuwamba tankokin Jamus masu motsi ba su fi 35 ba. Romel ya fara janye mutanensa, ya fara da sojojin ƙasa marasa mota don su sami tazara, ya aika wa hedikwatar Hitila da bayani.

Saƙon ya isa gabashin Purushiya, inda hedikwatar take, da tsakar dare. Hafsan da ke bakin aiki bai ga dalilin tashin kowa ba, ya bari sai da gari ya waye. Da Hitila ya gani ya yi ta bambami, aka tuɓe wa hafsan nan anini. Da rana tsaka ranar 3 ga Nuwamba umarninsa ya iso hannun Romel: kada a ja da baya ko taku ɗaya, ba wata hanya da zai nuna wa sojojinsa sai ta nasara ko mutuwa. Romel ya bi umarnin. Ya tsayar da janyewar, waɗanda suka riga suka kama hanya aka ce su koma ramukansu.

Na fassara wa Baffa wannan, sai ya buga sandarsa a ƙasa. "Ɗana, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ko kofur ya san haka. Wanda ke zaune a ɗaki da taswira bai san nisan kilomita goma a ƙafa cikin rairayi ba." Ya nuna yamma da sandar. "Waɗanda ba su da mota fa?"

Ustaz ya ce su ne suka biya. Awa ashirin da huɗun da aka ɓata su ne tazarar da mai tafiya a ƙasa yake buƙata. Ranar 4 ga wata daga ta ɓalle, aka kewaye rundunar tankokin Italiya ta Ariyete aka murƙushe ta, aka kama Janar Fon Toma na Jamus a tsaye kusa da tankarsa tana ci da wuta. Romel ya ba da umarnin gudu ba tare da ya jira kowa ba, amincewar Hitila ta biyo baya lokacin da ba ta da sauran amfani. Masu mota suka tsere. Rundunonin Italiya na kudu, Folgore da Pabiya da Baresha, aka bar su a tsakiyar hamada ba mota ba ruwa, suka yi ta tafiya har aka tsince su. Fursunoni kusan 30,000 Ingila ta kama.

Ina da saɓani da Ustaz a wuri ɗaya, kuma na gaya masa a mota. Yana son Romel fiye da kima, kamar Misrawa da yawa, har yana wanke shi tas. Alhali bayan Tobruk akwai shirin a tsaya a fara kama tsibirin Malta, inda jiragen Ingila ke tashi suna nutsar da kayan da ake kawowa daga Italiya. Romel ne ya dage a zarce Masar, Kesalrin, babban kwamandan Jamus a yankin Bahar Rum, ya ce kuskure ne, Hitila ya goyi bayan Romel ya kuma shawo kan Musolini. Sannan ko da ba a aiko da umarnin 3 ga Nuwamba ba, an riga an ci su a Alamain, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Umarnin ya ƙara yawan gawa ne da fursuna. Ustaz ya karɓi rabin maganata. Ya ce to, amma wa ya ɗauki Afirka wasan yara ya zuba komai a Rasha tun Yunin 1941, ya bar Romel da 'yan rundunoni ƙalilan? Kuma da Romel ya tashi takanas ya je wurinsa a ƙarshen Nuwamba ya ce a kwashe sojoji daga Afirka tun da sauran dama, wa ya daka masa tsawa? Sojoji da sababbin tankokin da aka hana shi lokacin da za su yi amfani, sai bayan Amurka da Ingila sun sauka a Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamba aka yi ta ɗurarsu Tunisiya, inda teku ke bayansu. Ranar 13 ga Mayun 1943 aka miƙa wuya, kusan mutum 250,000 suka shiga hannu. A daidai watannin nan ne Hitila ya hana kwamandansa Paulus ficewa daga Stalingrad ta Rasha da irin wannan umarni, har jiragen dakon kayan da ba su ishi wuri ɗaya ba aka raba su gida biyu. Tun Disambar 1941 ya naɗa kansa babban kwamandan sojan ƙasa, saboda haka babu wanda zai ɗora wa laifi sai janar-janar ɗin da yake kora ɗaya bayan ɗaya. Ban sami abin cewa ba a nan.

Ni ma na ba shi abin da bai sani sosai ba. Jiragen yaƙin da suka rufe sararin Alamain, da yawansu ta Kano suka biyo. A Takoradi ta Gana ake haɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami wadda ake kira Njamena yanzu, su ratsa Sudan ta El Fashir da Khartum, su gangaro Alkahira. Dubbai ne suka bi wannan hanya tun daga ƙarshen 1940. Ya ciro biro ya rubuta Kano a bayan taswirarsa, ya ce zai riƙa faɗa wa baƙi.

Abincin rana kuwa kada a tambaya. An ce kifi a bakin teku, aka kawo mana burodi da ta'amiyya, wato ƙosan Misrawa, mai sanyi a leda, ruwan sha ma sai da muka saya. Ba su tanadi lokacin salla ba, a wani gidan mai muka haɗa azahar da la'asar. Sannan direba ya nace sai ya kai mu mu ɗauki hoto a gaban dogayen benayen sabon birnin Alamain, abin da babu wanda ya roƙa, ya cinye mana wani rabin awar.

Sakamakon haka a guje muka yi maƙabartun. Ta Ingila da ƙawayenta tana da kaburbura sama da 7,000 a jere cikin rairayi, ga sunaye kusan 12,000 a bango na waɗanda ba a ga gawarsu ba. Na bi layi ɗaya ina karanta shekaru, 19, 22, 20, duk ƙannena ne. Ta Jamus kamar ganuwa take mai kusurwa takwas a kan tudu tana kallon teku, da mutum sama da 4,000 a ciki. Ta Italiya farar hasumiya ce, ɗaya daga cikin hafsoshin da suka yi yaƙin, Kaciya Dominiyoni, shi ya zana ta bayan ya shafe shekaru yana tsintar ƙasusuwa a hamada. A jikin akwatuna da yawa kalma ɗaya ce kawai, mai nufin ba a san ko wane ne ba. Minti goma sha biyar aka ba mu a nan, wurin da ya cancanci awa guda, kuma tafiya ce mai ɗan nisa daga ƙofa ga mai ciwon gwiwa.

Wanda zai je, shawarata ya kwana a Iskandariyya ya ɗauki mota ta kansa, ya nemi jagora daban ya biya shi hannu da hannu. Ya tafi tsakanin Nuwamba da Maris, ya riƙe ruwa da abincinsa, ya kuma faɗa wa direba tun kafin a tashi cewa babu shagon turare. Kamfanin na ba shi biyu cikin biyar, ɗaya daga cikin biyun ma don ya san inda ya samo Ustaz ne. Lambar Ustaz tana wurina, kuma na riga na ba wa ɗalibai uku.

A gefen hasumiyar Italiya akwai ɗan masallaci da kaburburan sojojin Libiya sama da 200, Musulmi da aka ɗebo suka mutu a ƙarƙashin tutar Musolini. Direba yana ta danna oda. Baffa ya yi kamar bai ji ba, ya jingina sandarsa da bango, ya ɗaga hannu ya yi musu Fatiha, sannan ya ce in riƙe shi mu koma a hankali, gwiwar ta fara magana.